Me Ke Sa Magana Ta Ɓace A Gidan Silima?

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun masu zuwa kallon silima sun san wannan matsala sarai. Mutum ya biya kuɗin tikiti ya zauna, kiɗa da harbin bindiga kamar su fasa masa kunne, amma da 'yan wasa sun fara magana sai ya ji kamar daga cikin rijiya take fitowa. To, jama'a, laifin wa ke nan?

Da farko dai a sani cewa ana haɗa sautin fim a wani ɗaki, a saurare shi a wani dabam. In ɗakunan nan biyu ba su yi daidai ba, aiki ya ɓaci. Don haka ne aka tsayar da ma'auni guda, watau a daidaita kowace lasifika ta gaba a kan desibel 85, a kuma ajiye na'urar Dolby a kan lamba 7. Amma gidajen silima da yawa sukan rage ta zuwa wajen lamba 5 saboda ƙorafin 'yan kallo. Da an rage kuwa, ƙarar fashewa tana nan daram, maganar ƙasa-ƙasa ce ke fara nutsewa.

Abu na biyu shi ne lasifikar tsakiya. Tana ɓoye ne a bayan farin allo, wanda aka yi wa 'yan ƙananan huji don sauti ya wuce, kuma kusan duk maganar 'yan wasa ta nan take fita. In ta lalace, ko aka sauya mata waya, kiɗa zai fito lafiya lau, magana kuwa babu. Injiniya yakan gane haka in ya gwada lasifikokin ɗaya bayan ɗaya.

Na uku ginin kansa. Bangon siminti tsirara yana mayar da amo, kalma ta hau kan kalma. Labule mai kauri da darduma suna rage wannan ƙwarai.

Matsalar ba ta yau ba ce. A 1983 kamfanin George Lucas na Amurka ya fito da tsarin THX, don a riƙa auna gidajen silima a tabbatar fim ya fito yadda aka haɗa shi.

Amma fa masu shirya fim su ma da nasu. Wanda ya haɗa sauti a ɗan ƙaramin ɗaki da abin saƙalawa a kunne, abin da ya dace da talabijin ya yi, ba da babban zaure ba. Kafin a saki fim, sai a kai shi zauren silima a saurara daga gaba, da tsakiya, da baya. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Kai kuma ɗan kallo, in ba ka jin magana, tashi ka gaya wa manaja. Kuɗin gani da ji ka biya.