Alhaji, Hau Sikeli

Jama'a, kowace shekara wasu alhazai kan komo a rame, wasu da teɓa. Ga dalili. Tafiya 7 tsakanin Safa da Marwa ta kai kilomita 3, ga ɗawafi, ga zafin Makka. Wani ɓangare na ramar nan ruwa ne ya fita ta gumi, kwana kaɗan jiki ya komo. Wanda ya duƙufa kan shinkafa da lemon kwalba kuwa, ƙiba zai kawo tsaraba.

To, hau sikelin disfensare kafin tafiya da bayan komowa. In rama ta ci gaba, da tarin da ya wuce mako 2, ko yawan fitsari da ƙishirwa, kada ka ce gajiyar hanya ce. A duba ka, in ta kama a tura ka Asibitin Malam Aminu Kano, Gyaɗi-Gyaɗi.