Kafin ka kai injin gahawar esfireso gidanka

A 'yan shekarun nan, duk mai leƙa manyan kantunan Kano, Kaduna ko Abuja zai lura da wani baƙo da ya samu mazauni a kan kanta, tsakanin injin markaɗe da tukunyar lantarki. Wannan baƙo shi ne injin haɗa gahawa mai kauri irin ta mutanen Italiya, wadda ake kira esfireso. Ya fara shiga jerin kayan kicin na amare, ya shiga tsarabar masu dawowa daga Dubai da Turai, har ma'aikaci mai ɗaukar albashi ya fara lissafin wata nawa zai yi yana tari kafin ya mallake shi.

Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Gahawa ba baƙuwarmu ba ce. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi, alhazanmu sun saba kurɓarta da dabino a Makka da Madina, 'yan uwanmu Hausawan Sudan kuwa hirarsu ba ta cika sai an ɗora jabana a kan gawayi. Abin da ke damuna shi ne yawan injinan da nake gani a gidajen 'yan uwa da abokan arziki an lulluɓe su da ƙyalle, sun koma kayan ado, bayan an zuba musu kuɗin da zai ishi wani biyan kuɗin makarantar ɗansa na zango guda.

Wani abokina ya taɓa sayen irin wannan inji a wajen 'yan gwanjo, yana murna ya yi tsintuwa. Ranar da ya kira mu mu shaida kofin farko, yana jona shi sai muka ji wata 'yar ƙara, hayaƙi ya biyo baya. Da muka kife injin muka duba gindinsa, sai ga rubutu ɓaro-ɓaro cewa an ƙera shi ne domin wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, alhali tamu tana tsakanin 220 da 240. Tun daga ranar na fahimci cewa matsalar yawancin masu sayen nan ɗaya ce: suna fara zaɓen inji kafin su duba gidan da injin zai zauna. A ganina, injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yanke shawara a kansa.

Mene ne esfireso?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da yake nema. Esfireso hanya ce ta haɗa gahawa, inda ake tura ruwan zafi da matsi mai ƙarfi ya ratsa ta cikin garin gahawa mai laushi da aka danne a cikin wani ɗan ludayin ƙarfe mai rariya a gindi. A ƙa'idar Italiyawa, garin gahawa kimanin giram 7 ake sawa, ruwan ya kai zafin digiri 90 ko kusa da haka, ya ɗauki daƙiƙa 25 yana tsiyaya, a samu abin da bai wuce mililita 25 ba, wato ɗan finjali guda. Matsin da ake buƙata kuwa shi ne 9 a ma'aunin da ake kira bar, wanda ya ninka iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota kusan sau huɗu. Wannan matsi ne ke tatso man da ke cikin gahawar, ya samar da kumfa mai launin ƙasa-ƙasa da ke yawo a saman finjalin.

Italiyawa sun shafe shekaru masu yawa kafin su kai ga wannan ƙa'ida. A 1884 Angelo Moriondo na birnin Turin ya yi rajistar injin da ke aiki da tururi. A 1901 Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi ta yadda za a riƙa haɗa wa kowane mai saye kofinsa nan take, sannan Desiderio Pavoni ya sayi haƙƙin ƙirar ya shiga ƙera injinan domin kasuwa. Sai dai tururi ba ya ba da matsi mai yawa, kuma yakan sa gahawar ta yi ɗanɗanon ƙuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Achille Gaggia ya fito da inji mai hannu da ake ja ƙasa ya matse ruwan da ƙarfi, kumfar nan ta bayyana. A 1961 kamfanin Faema ya kawo injin E61 mai famfon lantarki, wanda ya tabbatar da matsin 9 da ake bi har gobe.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne kada lamba ta ruɗe shi. Za ka ga an rubuta bar 15 ko 20 da manyan baƙi a jikin kwali, mai kanti kuma ya ce maka mai 20 ya fi mai 15. Wannan lamba iyakar ƙarfin famfon kawai take nunawa. Gahawar 9 take so, kuma abin da ke bambanta inji nagari da na banza shi ne iya riƙe matsi da zafi daidai daga farkon tsiyaya zuwa ƙarshe. Akwai ma ƙananan injina masu araha da ba su da famfo sam, tururi kawai suke amfani da shi, amma an rubuta musu sunan esfireso. Araha dai ba ta ado.

Wuta, ruwa da niƙa

Tambaya ta farko ita ce ta wuta. Yawancin injinan gida suna jan wat 1,000 zuwa 1,500 a lokacin da suke ɗumama ruwa, kusan daidai da dutsen guga. Ƙaramin janaretan nan da ya cika unguwanninmu ba ya kai wat 1,000, don haka ba zai ɗauka ba. Mai sola da inbata shi ma sai ya duba ƙarfin inbatarsa tukuna. Injinan kuma iri biyu ne ta fuskar ɗumama ruwa. Akwai masu tukunya a ciki, irin su Gaggia Classic da Rancilio Silvia, waɗanda ke son a kunna su a bar su su yi mintoci kafin ƙarfen ya ɗauki zafi sosai. Akwai kuma masu ɗumama ruwan nan take yayin da yake wucewa ta wani bututu, kamar yawancin ƙananan injinan De'Longhi da Breville, waɗanda ke shiryawa cikin ƙanƙanin lokaci. Wanda wutar unguwarsu ke zuwa tana ɗaukewa ba sallama, nau'i na biyu ya fi dacewa da shi. Kuma ko wane iri ka zaɓa, ka kife shi ka karanta lambar bolt da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

Tambaya ta biyu ita ce ta ruwa. Ka leƙa cikin butar da kake dafa ruwan shayi. In ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, to ruwan gidanka yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, kamar yadda ake samu a ruwan rijiyoyin burtsatse da dama. Ɓawon da ka gani a buta shi ne zai taru a cikin siraran bututun injin, ya toshe su sannu a hankali har ruwa ya daina fita. Maganin abin shi ne a riƙa zuba tataccen ruwa marar nauyi, a kuma riƙa wanke cikin injin lokaci-lokaci da maganin narkar da ɓawo yadda takardar injin ta tsara. Wanda ya san ba zai juri wannan hidima ba, ya san kwanan injinsa ƙidayayye ne.

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma ita ce uwa a cikinsu: da me za ka niƙa gahawar? Garin esfireso yana son laushi na musamman, kuma ƙwayoyinsa su zama kai ɗaya. In ya yi tsaki-tsaki, ruwan zai wuce da gudu cikin 'yan daƙiƙu, ka sha tsami salam. In ya yi laushi fiye da kima, ruwan zai riƙa ɗiga da kyar, ka sha ɗaci. Injin markaɗe mai wuƙa ba ya iya wannan aiki, domin sara yake yi, wani ya fito gari wani ya fito ɓarza. Abin da ake buƙata shi ne maniƙa mai haƙora biyu da ke murza ƙwayar a tsakaninsu kamar dutsen niƙa da ɗansa, wadda ake iya matse ta ko sassauta ta kaɗan-kaɗan. Masu wannan sana'a sun daɗe da yin ittifaƙi cewa maniƙa tagari da matsakaicin inji sun fi inji mai tsada da maniƙar banza. Akwai maniƙa ta hannu mai inganci da ba ta buƙatar lantarki. Saboda haka in ka ware kuɗi, ka raba shi biyu tun daga gida.

Daga nan sai 'ya'yan gahawar kansu. Garin Nescafé da mai shayi ke kaɗawa ba ya shiga wannan inji, domin gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar. Ana buƙatar ƙwaya soyayya wadda ba ta daɗe da barin wuta ba, domin ƙamshinta yana raguwa cikin makonni, in kuwa an niƙa ta, cikin ɗan lokaci kaɗan yake gudu. A yau yawancin masu sha suna sa giram 18 a kofi guda mai ninki biyu. Mai shan biyu a rana zai ci giram 36, ke nan kilo guda ba zai kai masa wata cif ba. Wannan lissafi ya kamata a yi kafin saye. Abin farin ciki shi ne ana noman gahawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba da kuma Filato, ga kuma maƙwabciyarmu Kamaru. Neman mai soya ta gida ya fi dogaro da wadda aka shigo da ita da dala, wadda ba ka san watan da ta yi a jirgin ruwa ba.

Wane iri ne naka?

Idan an amsa waɗannan tambayoyi, zaɓin kansa ba ya wahala. Inji mai ƙwanso, wanda kamfanin Nestlé ya fara sayarwa da sunan Nespresso a 1986, shi ne mafi sauƙin sarrafawa: ka jefa ƙwanso, ka danna maɓalli, shi ke nan. Amma kowane kofi sai da sabon ƙwanso, ƙwanson kuma daga waje yake zuwa, ranar da ya yanke a kasuwa injin ya zama gunki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inji mai yin komai da kansa, daga niƙa har zubawa, yana da daɗin sha'ani ga ofis ko babban gida, sai dai cikinsa cike yake da sassan lantarki da na roba, kuma samun mai gyaransa a garuruwanmu aiki ne ja. Inji mai ludayi, wanda kai za ka niƙa, ka auna, ka danne, ka ɗaura, shi ne ke ba da gahawa mafi kyau ga mai haƙurin koyo, domin makonnin farko za ka zubar da kofuna da dama kafin hannunka ya faɗa. A nan yana da kyau a nemi mai ludayi mai faɗin milimita 58, wanda shi ne girman da injinan shagunan gahawa ke amfani da shi, saboda rariyarsa da robar bakinsa sun fi sauƙin samu. Robar nan kuwa tana bushewa ta tsage, dole wata rana a sauya ta. Kafin ka saya, tambayi mai kanti inda ake samun kayan gyara. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Akwai kuma hanyoyi biyu da na fi ganin sun dace da halin da yawancinmu ke ciki. Ta farko ita ce inji mai hannu marar lantarki, irin su Flair da Cafelat Robot, jikokin dabarar Gaggia. Ka tafasa ruwa a kan gas, ka zuba, ka danna da ƙarfin damtsenka, esfireso na gaske ya fito ko da unguwa ta kwana uku a duhu. Ta biyu ita ce 'yar butar moka mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, wadda har yau ake samu a mafi yawan gidajen Italiya. Matsinta bai wuce bar 2 ba, don haka abin da take bayarwa bai cika sharaɗin esfireso ba, amma gahawa ce mai kauri da ƙamshi, tana hawa kan gas ko risho, kuɗinta kuma kaɗan ne in an kwatanta da na inji. Italiyawan da suka ƙirƙiro esfireso, da yawansu a shago suke shan sa a tsaye, in sun koma gida su ɗora moka.

Kada kuma a manta da lafiya. Finjali guda yana ɗauke da sinadarin kafin kimanin miligiram 60, kuma hukumomin lafiya na Turai da Amurka suna ba da shawarar kada baligi mai lafiya ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuwa ana ba ta shawarar tsayawa a 200. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da abin al'ada.

Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya fara da butar moka da maniƙar hannu, ya yi wata uku. In bayan nan har yanzu yana tashi da asuba ya niƙa gahawarsa da marmari, to ya cancanci inji, maniƙarsa kuma tana nan tana jiran sa. In kuwa butar ta koma bayan kwanuka, ya gode wa Allah da ya gane halinsa da kuɗi kaɗan. Ga iyayen amare kuma, ina roƙon a tambayi yarinya da angonta ko suna shan gahawa kafin a ci bashi a sayo abin da zai ƙare a ƙarƙashin ƙyalle. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya sa mu dace.