Manhaja Idan Ta Zama Marainiya: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Waya Daga Garwa

Duk wanda ya jima yana harkar wayar salula a babbar kasuwar Garwa, ko yake kai kaya Marwa da Kuseri da Mubi, ya san cewa ba tsufa kaɗai ke kashe waya ba. Sau da yawa jikinta lafiya lau, amma manhajar da ke tafiyar da ita ce masu ita suka yi watsi da ita, sai kaya su kwanta wa mutum a shago.

Idan dai ba a manta ba, a watan Maris na shekarar 2015 ne kamfanin Orange ya ba da sanarwar fito da wata ƙaramar waya mai suna Klif a ƙasashe 13, ciki har da Kamaru da Nijar, a kan kuɗin da bai wuce Yuro 35 ba, wato kimanin jaka 23 na sefa. Wayar tana aiki ne da Firefox OS, manhajar da Mozilla ta Amurka ta ƙirƙiro, kuma tana cikin irin waɗanda ake kira buɗaɗɗun manhajoji. Ma'ana, ba a ɓoye yadda aka haɗa su ba, kowa yana da izinin ya duba, ya gyara, ya kuma rarraba.

To amma shekarar ba ta ƙare ba, a watan Disamba, Mozilla ta ce ta daina fitar da wayoyin ta hannun kamfanonin sadarwa, sannan a 2016 ta rufe aikin baki ɗaya. Waɗanda suka sayi wayar suka wayi gari babu mai sabunta musu ita.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Da yake tushen manhajar a buɗe yake, wani kamfani ya ɗauka ya gina KaiOS a kansa a 2017, wadda aka sa wa wayoyi masu maɓalli irin su JioPhone a Indiya da Sanza ta Orange a 2019. Ita ma ta gamu da nata cikas, domin a farkon 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta, alhali a yau da shi ne ɗan kasuwa ke tura hoton kaya da jin farashi daga wancan gefen iyaka.

Akwai kuma waɗanda maraicin ya zame musu alheri. Masu shagunan buga takardu da yawa sun san OpenOffice, wadda kamfanin Sun ke ɗaukar nauyinta. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, sai masu aikin sa kai suka ware a watan Satumba na shekarar, suka kafa gidauniyarsu mai suna The Document Foundation, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. Har yau ana sabunta ta, kuma kyauta ake sauke ta a kwamfuta. Haka nan da Canonical ya janye daga Ubuntu Touch a 2017, ƙungiyar UBports ce ta karɓi ragamar.

Bambancin a fili yake. Buɗe tushen manhaja yana ba ta damar rayuwa ne kawai, amma sai an samu jama'ar da za su riƙe ta, da gidauniya mai tara gudummawa daga wurare da dama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ta dogara da aljihun kamfani guda, ranar da ya ga babu riba, ranar za ta fara ciwon ajali.

Don haka kafin ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a sarin sabuwar waya saboda arha, ya kamata ya tambayi dila abubuwa uku: wace manhaja ce a ciki, wa ke sabunta ta kuma har zuwa yaushe, sannan shin WhatsApp da manhajojin tura kuɗi irin su Orange Money da MTN MoMo suna hawa kanta? Idan dila ya kasa amsawa, gara a ɗauki kaɗan a gwada kasuwa tukuna, domin mai saye idan wayar ta tsaya, ba kamfani zai nema ba, shagon da ya biya kuɗi zai dawo.