Kiɗan Bulus a Mashayun Ingila: Misalin Ƙungiyar Dr. Feelgood

Masu nazarin waƙar baka sukan mai da hankali ga abin da mawaƙi ya faɗa, su rubuta shi ɗa bayan ɗa, su tsettsefe jigo da salo, amma ba safai sukan tsaya su dubi ɗakin da aka yi waƙar a ciki ba, watau girmansa, da yawan mutanen da ke cikinsa, da abin da ya tara su, da kuma wanda zai sallami makaɗi in an tashi. Wannan maƙala za ta ɗauko misali ɗaya daga nesa, wata ƙungiyar makaɗa huɗu ta ƙasar Ingila mai suna Dr. Feelgood, domin a nuna cewa akwai irin kiɗan da ƙaramin ɗaki ne ya haife shi, ya rene shi, kuma da wuya ya rayu in babu shi. Kiɗan nan shi ake kira bulus. Kada mai karatu ya zaci bulus ɗin nan na cin bulus ne. Sunan Ingilishi ne, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, masu yinsa a mashaya da gumin goshinsu suke ci.

Bulus ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman a yankin gonakin auduga na jihar Misisipi. Masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun danganta wasu siffofinsa da kaɗe-kaɗen tsirkiya na ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, har Kubik ya kawo gogen Hausawa cikin misalansa. Wannan zance ne mai faɗi, ba nan ne muhallinsa ba. Abin da ya shafe mu shi ne tsari. Ɗan waƙar bulus yawanci ɗango uku ne, irin wanda a rubutacciyar waƙa za mu kira ɗan ƙwar uku, sai dai ɗango na biyu maimaicin na farko ne, na uku kuwa shi ke warware maganar, ya kuma zo da amsa-amo. Ana aza ɗangogin nan bisa awo 12, kowane awo bugu huɗu, kuma haɗin amo uku kaɗai mai jita yake juyawa a kansu daga farko har ƙarshe. Mawaƙi yakan cika kamar rabin awon kowane ɗango da murya, sauran rabin ya bar wa jita, ko ɗan abin busan nan na baki da ake kira hamonika, su mayar masa. Ashe ke nan akwai 'yan amshi, sai dai kayan kiɗa ne ba mutane ba.

Amfanin wannan tsari ga ƙaramin makaɗi babba ne. Tun da turken ɗaya ne kowa ya san shi, mutum huɗu waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba suna iya hawa dandamali su yi awa guda suna kiɗa ba tare da bita ba. Gwanintar tana cikin yadda mutum zai lanƙwasa murya da tsirkiya a cikin wannan ɗan fili, da kuma yadda zai karanci masu sauraro.

A Misisipi ana yin kiɗan ne a 'yan rumfunan katako na gefen gona inda ma'aikata ke taruwa daren Asabar. Da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewa neman aikin masana'antu, sai kiɗan ya bi su. Muddy Waters ya isa Shikago a 1943, kuma bai daɗe ba ya koma ga jita mai aiki da lantarki, domin hayaniyar mashayun birnin takan shanye muryar jitar katako. Wannan shi ne misali na farko na yadda ɗaki ya sake wa kiɗan kama. A 1958 Muddy Waters ya zaga Ingila, a watan Maris na 1962 kuma Alexis Korner da Cyril Davies suka fara kiɗan bulus na lantarki a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Ealing ta Landan. Samarin da suka riƙa zuwa can su ne suka kafa Rolling Stones, waɗanda a 1963 suke wasa mako mako a ɗakin baya na Station Hotel a Richmond. Amma kafin shekara goma duk waɗannan sun yi girman da ya fi ƙarfin mashaya. Kiɗa ya koma manyan zauruka da filayen wasa, mai kallo yana hango makaɗi daga nesa kamar mai hangen wata.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da mashaya a nan. Ga mutanen Ingila ita ce dandalin unguwa, inda ake haɗuwa bayan an tashi daga aiki, a sha, a yi hira, a ji labarin gari. Mai mashaya ba don son kiɗa yake kiran makaɗa ba, sai don su tara masa mutane su kuma zaunar da su. Saboda haka makaɗi ya san cewa rabin waɗanda ke ɗakin ba dominsa suka zo ba. Sallamarsa ko dai ɗan abin da suka shirya da mai gida ne, ko abin da aka tara a bakin ƙofa, ko kuwa a zaga da hula. Daga ciki za a fitar da kuɗin man mota da na tsirkiya, a raba saura huɗu. Su ne direbobin akori-kurarsu, su ne 'yan dakon ganguna da lasifika, kuma mafi yawansu da safe suna da wani aikin. Wanda ya saba da makaɗanmu na goge da kukuma masu wasa a otal zai ga kama, amma akwai bambanci mai muhimmanci: a can babu liƙi, babu kuma ubangidan da za a wasa ya yi kyauta. Makaɗi ba shi da hanyar jawo mutum ta kiran sunansa da na kakansa. In kiɗan bai sa mai hira ya yi shiru ya waiwayo ba, mako mai zuwa wani za a kira.

To, a irin wannan makaranta Dr. Feelgood suka yi karatu. An kafa ƙungiyar a 1971 a Canvey, wani tsibiri a bakin kogin Tems cikin lardin Essex, wanda ƙasarsa take kwance ƙasa da ruwan teku in ya cika, bango ne kaɗai ya tare shi. A ambaliyar 1953 fiye da mutum 50 suka rasu a can. A wancan lokacin tankunan mai ne a tsibirin, matatun mai kuma a tsallaken ruwa suna ta da harshen wuta da dare. Samarin sukan yi raha su kwatanta garinsu da bakin kogin Misisipi, kuma rahar ba ta rasa gaskiya ba, domin duka biyun wurare ne na laka da ruwa da masu aikin ƙarfi, waɗanda mutanen babban birni ke rainawa. Lee Brilleaux ne mawaƙi kuma mai busa hamonika, Wilko Johnson mai jita, John B. Sparks mai babbar jita ta ƙasan murya, sai John Martin mai ganguna. Brilleaux akawun lauya ne, Johnson kuwa ya yi digirin Ingilishi a jami'ar Newcastle, har ya ɗan taɓa koyarwa. Kiɗansu reshen bulus ne mai sauri, na rawa, kuma waƙoƙin da suka fara da su na mawaƙan Amurka ne, kafin Johnson ya soma tsara nasu.

Kimanin shekara biyu suka yi suna zaga ƙananan wurare na yankinsu kafin su shiga Landan a 1973, inda suka fara da wata mashaya mai suna Tally Ho a Kentish Town, wadda tun 1971 wata ƙungiyar Amurkawa mai suna Eggs over Easy ta buɗe wa irin wannan kiɗa ƙofa a cikinta. Daga nan suka bi sauran, har da Hope and Anchor ta Islington, inda ake wasa a ɗakin ƙasa mai gajeren rufi.

Duk abin da aka san su da shi, in an duba, amsa ce ga wata matsala ta ƙaramin ɗaki. Mai shan giya ba ya haƙurin doguwar waƙa, sai suka mai da tasu minti uku, suna gama ɗaya su faɗa wata ba tare da dogon surutu ba. Jita ɗaya ce ke gare su a inda wasu ke da biyu, sai Johnson ya koyi yin aikin mutum biyu, yana sarar tsirkiyoyin da bayan yatsunsa ba tare da maɗauki ba, yana riƙe bugu yana kuma jefa amshi a lokaci guda. Dandamalin bai fi tabarma uku ba, babu fitilu masu launi, sai suka mai da jikinsu abin kallo: Johnson cikin baƙaƙen kaya, ido a zare, yana zarya gaba da baya kamar an ja shi da igiya, yana nuna jama'a da jita kamar bindiga, Brilleaux kuma cikin farar kwat da ta sha dauɗa, yana naushin iska, gumi na zuba. A zamanin da manyan makaɗa ke sa tufafi masu ƙyalli, su sun fito kamar waɗanda aka sallamo daga kurkuku jiya. A ganina nan ne hikimarsu take. Ba su yi ƙoƙarin zama baƙaƙen Misisipi ba, abin da da sun gwada da ya zama kwaikwayo mai ban dariya. Sun ɗauki turken, suka aza masa halin mutanen garinsu.

Matsala ta taso da aka zo maganar faifai. Na farko, Down by the Jetty, ya fito a watan Janairu na 1975, an kuma fitar da shi da amo guda, ba mai rabuwa hagu da dama ba, kamar faifan garmaho na da, domin ya yi kama da abin da kunne ke ji a ɗaki. An yaba masa, amma bai yi kasuwa sosai ba. Wanda ya kai matsayi na ɗaya a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya a 1976 shi ne Stupidity, wanda aka ɗauka suna tsakiyar wasa, da ihun jama'a da komai. Abin lura kuwa shi ne, ba a mashaya aka ɗauke shi ba, a manyan zauruka ne na Sheffield da Southend. Watau ranar da duniya ta ji kiɗan mashaya, masu yinsa sun riga sun bar mashayar.

Ba a daɗe ba kuwa tafiyar ta rabu. Johnson ya fita a 1977 bayan saɓani da sauran, samari masu kiɗan da ake kira fank, na hayaniya da tawaye, waɗanda da yawansu a ɗakunan nan suka ga Dr. Feelgood suka koyi tsayuwa, suka karɓe kasuwa. Brilleaux ya ci gaba da sababbin abokai, yana yawon wasa shekara da shekaru, mafi yawa a irin wuraren da ya fito. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne dare biyu a watan Janairu na 1994 a wani ɗan gidan kiɗa a Canvey, ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a watan Afrilu na shekarar yana da shekara 41. Johnson ya rayu har 2022.

Saura maganar ɗakunan su kansu, waɗanda hukuma ma tana da hannu a rayuwarsu. A ƙarƙashin dokar 1964, makaɗa biyu kaɗai mai mashaya zai iya ajiyewa ba tare da lasin na musamman ba, don haka ƙungiyar mutum huɗu sai ta nemi mai gidan da ya yarda ya biya wannan lasin. Dokar 2003 ta soke ko da wannan ɗan rangwamen, abin ya ƙara tsanani ga ƙananan wurare. Sai a 2012 aka yi dokar da ta yarda a yi kiɗa da lasifika a mashaya ba tare da ƙarin lasin ba, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 na dare, muddin masu sauraro ba su wuce 200 ba, a 2015 kuma aka ɗaga adadin zuwa 500 a Ingila. Amma sauƙin doka bai biya haya ba, bai biya kuɗin wuta ba, bai kuma hana maƙwabcin da ya tare jiya kai ƙarar hayaniya ba. Ga kuma kullen annobar 2020. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare irin waɗannan wurare, ta ƙirga 125 da suka rufe ko suka daina kiɗa a Birtaniya a cikin 2023 kaɗai. Da yawa daga waɗanda ke cika manyan zauruka yau a irin waɗannan ɗakuna suka yi kuskurensu na farko a gaban mutum talatin, kuma babu wata makaranta da ke koyar da yadda ake juyo da wanda ya ba ka baya yana hira. Ita Tally Ho, inda mutanen Canvey suka fara taka Landan, an rushe ta, gidajen kwana ne a filin.