Shafi ɗaya a kullum: zanen rayuwar In Amguel

A In Amguel, kan hanyar Tamanrasset zuwa In Salah, kullum bayan la'asar nakan zana abu ɗaya: butar shayi, sirdin raƙumi, ko tirelar da ta tsaya shan mai. Fensir da minti goma sun isa.

Duniya ta san yankinmu ne da In Ekker, inda Faransa ta yi gwajin nukiliya sau 13 tsakanin 1961 da 1966. To, mu fa, ina namu labarin? Zanen shanu a duwatsun Tassili ya shaida cewa Sahara ta taɓa zama makiyaya. Shi ya sa nake cewa ɗalibaina: ku zana abin da kuka gani yau, ku sa kwanan wata, jikokinku za su nema.