Gadarif: Cutar Da Ba A Ganin Ta A Ido

Duk wanda ya taɓa kai dabba gabashin Sudan ya san Gadarif, garin dawa da riɗi, inda jikokin mahajjatanmu da suka yada zango a hanyar Makka suke zaune har yau, ana kiran su Takari. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Galabat, bakin iyakar Habasha, ƙetare kuwa Matama ce. Tumaki suna bin hanyar Sawakin da Fot Sudan zuwa Saudiyya, shanu kuma suna ƙetarowa daga Habasha. Inda kuɗi da baƙi da direbobin tirela suka taru, to mata masu zaman kansu ba sa rasa zuwa. Zancen da muke kunyar yi ke nan, amma ya zama dole.

A 1986 aka fara samun mai cutar ƙanjamau a Sudan. Cikin jama'a baki ɗaya ba ta yi yawa ba, amma binciken da aka yi cikin matan nan a 2011 da 2012 ya nuna gabas ce ta fi ko'ina, har wani gari ya kai kusan kashi 8 cikin 100, kuma galibinsu ba kullum suke amfani da kwaroron roba ba. Dalili? Sau da yawa namiji ne yake ƙi, har ya ƙara kuɗi don a bar shi haka nan. Mace mai yunwa da 'ya'ya ba ta da bakin musu. Dokar Sudan ta 1991 ta haramta karuwanci, saboda haka suna ɓuya, ba sa zuwa asibiti. Ga 'yan gudun hijirar Tigirai da aka sauke a sansanin Um Rakuba a 2020, ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban iyalai zuwa Gadarif, asibitoci suka cika, magani ya yi wuya.

Mu masu duba haƙori da ido kafin mu yi tayi, mun saba cewa ido ba ya ƙarya. To, a nan yana yi. Mun san saniya mai ciwon huhu takan shiga garke sumul, ta ɗebe rabinsa. Haka ƙwayar nan take: mutum yakan kai shekara goma da ita, jikinsa jawur, yana rabawa. Wanda kuma yake da ciwon sanyi ko tunjere, ƙofa a buɗe take.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa zina haramun ce, kuma kame kai shi ne babban tsari. Wannan ba mu da ja. Sai dai mun san akwai yaran mota da masu kora da ma wasu manya da suke zamewa in tafiya ta yi wata uku. Wanda shaiɗan ya rinjaya, kada ya haɗa laifi biyu. Uwargida da amarya da jinjirin da ke ciki, me suka yi? Kwaroron roba sabo kowane lokaci yana rage haɗarin ƙwarai. Maganin gargajiya da allurar kemis ba sa kare kowa.

In abin ya riga ya faru, akwai maganin gaggawa da asibiti ke bayarwa cikin awa 72. A yi gwaji, a sake bayan wata uku, kafin nan a kiyaye iyali. Wanda aka samu da ita, ba ƙarshen duniya ba ne. Tun 1996 akwai magungunan da suke danne ta, mai sha kullum yana cin kasuwarsa har tsufa. Ya ɗauki wanda zai ishe shi tafiya, don kada ya dogara da na hanya. Aska ma kowa ya riƙe tasa.

Iyayen gida, ku ja yaranku gefe ku faɗa musu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu kara lafiya, Ya dawo da mu ga iyalinmu lafiya, amin.