Hedy Lamarr: 'Yar fim ɗin da sojojin ruwan Amurka suka yi watsi da ƙirƙirarta

Duk wanda ya haɗa wayarsa da sifika ta Bluetooth a Kunduru ko kasuwar Kankia, yana cin moriyar irin dabarar da 'yar fim Hedy Lamarr ta yi wa rajista tun 1942.

An haife ta a Vienna, babban birnin Ostiriya, a 1914. Mijinta na farko, Fritz Mandl, dillalin makamai ne, kuma a gidansa ta riƙa jin hirar injiniyoyi kafin ta tsere a 1937 ta nufi Hollywood.

Ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, ita da makaɗi George Antheil suka tsara yadda saƙon rediyo zai riƙa tsalle tsakanin zango 88, don kada abokan gaba su toshe saƙon da ke sarrafa makamin ƙarƙashin ruwa. Sojojin ruwan Amurka suka jingine takardar. Ita kuwa aka ce ta je ta tara wa gwamnati kuɗin yaƙi, tunda fuskarta ce ke jan jama'a.

Masu cewa ita ta ƙirƙiro Wi-Fi sun ƙara gishiri, amma wa'adin rajistar ya ƙare ba ta samu ko sisi ba. Sai a 1997 aka karrama ta, shekara 3 kafin rasuwarta a Florida.